Hular Nomau a Ƙofar Ashirin da Uku

Da sunan Wanda ya san adadin yashi bai durƙusa ya ƙirga ba, ya san adadin ganye bai hau itace ba. Masu kunne ku matso, masu baki ku ja baya. Ni ce Gwamma ta garin Dutsen Huda, matar marigayi Nomau mai huda duwatsun wuya. Ba labarin daɗi na kawo ba. Mai neman zaƙi ya je ya sayi rake.

Tsakanin garinmu da Birnin Zuma, inda dutsen wuya yake da daraja, akwai Tekun Yashi, wanda kan haɗiye raƙumi da kayansa ko gyatsa bai yi ba. Hanya ɗaya ce tak, gadon bayan wata macijiya da ta kwanta ta keta tekun tun kakannin kakanni ba su san kansu ba. A bayan nan nata wasu marasa kunya suka gina ƙofofi, suka kafa doka. In ka iso ƙofar farko, ko ka ba da rabin kayanka a sa ka a kwalekwalen yashi a kai ka birni, ko ka ce, "A shimfiɗa." In ka ce a shimfiɗa, sai a jera kayanka a tabarma sahu-sahu. A Ƙofar Biyu bibbiyu, a Ƙofar Uku uku-uku, a Ƙofar Biyar biyar-biyar, haka har gaba. In sahun ƙarshe bai cika ba, ko kuma kayan duka sahu guda ne, ka wuce ƙofa ta gaba. In ya cika cif, kaya sun rabu, sun zama nasu duka, a cire hularka a kafe ta da ƙusa a saman ƙofa, ka koma gida kai a buɗe. Dokar ta ce kayan da babu ƙofar da za ta iya raba su sun wuce kyauta, mai su kuma ya sauke hula ɗaya da ya ga dama. Ba a taɓa ganin wanda ya sauke ba.

Nomau mutumin kirki ne, amma yana da ciwon nan na maza: in ya san kaɗan sai ya ga ya san duka. Wani matafiyi ya koya masa dabara, ya ce ɗauki ɗaya ka yi ta ninkawa daidai lambar wata ƙofa, in ka gama ka cire ɗaya. Ninki biyu ya ba shi uku, ninki uku ya ba shi bakwai, ninki biyar talatin da ɗaya, ninki bakwai ɗari da ashirin da bakwai. Ya gwada su duka a tsakar gida, babu wadda ta rabu. Sai ya ce to, ninki goma sha ɗaya ma 'yar gidansu ce, ba sai an gwada ba. Shekara biyu yana huda ina gogewa, har yatsuna suka koma kamar ƙafar kaza, muka tara dubu biyu da arba'in da bakwai. Ya wuce ƙofa takwas yana dariya. A ta tara, Ƙofar Ashirin da Uku, aka jera sahu tamanin da tara, na ƙarshe ya cika cif.

Ya dawo ba kaya ba hula, ya kwanta ya juya fuska bango. Bai ga damina ba.

Da mutuwar ce kaɗai da na haƙura, kowa zai tafi. Amma ina cikin takaba na ji wata mai koko a bayan katangata tana yi wa mijinta faɗa, ya sayo makahon jaki, tana cewa, "Ka yi lissafin Nomau!" Ashe gari duka ya ɗauka. Tuwo ya ƙone, lissafin Nomau. Rijiya ta rufta, lissafin Nomau. Fatake kuma suna dawowa da labari, wai hular tana nan, mai tsaron ƙofar yana nuna wa baƙi ita da sanda. Mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba! Na rantse a zuciyata sai na sauke hular nan, ko kuwa a kafe kallabina kusa da ita.

Ranar da na fita takaba na ɗauki hayar jimina, na yi kwana goma sha tara ina riƙe da wuyanta tana wujijjiga ni, har Tafkin Madubi. A bakin tafkin wata tsohuwa take zaune cikin ƙoƙon kunkuru mai girman zaure. Inna Cindo ake ce mata, yatsa shida gare ta a kowane hannu, kuma an ce duk duniya babu wanda ya san halin lambobi kamarta.

Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin iya karatu, 'yar nan?"

"Sunana dai nakan gane, Inna. Amma ba a taɓa cutata a mudu ba."

"To zauna. Lambobi kamar mutane suke. Yawancinsu masu sauƙin kai ne, ana taɓa su su rabu. Akwai kuma 'yan gagara, waɗanda ba sa jeruwa sahu daidai ko an yi yaya, sai dai a jera su ɗaya-ɗaya, ko a miƙe su duka sahu guda. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya. Ba ki lura sunayen ƙofofin nan ke nan ba? Babu Ƙofar Huɗu, don abin da biyu ta kasa rabawa huɗu ba za ta iya ba. Su ma 'yan gagaran dangi-dangi ne. Akwai tagwaye, masu lamba ɗaya tak a tsakaninsu, kamar sha bakwai da sha tara. Akwai 'yan kaɗaici, ba kowa kusa da su. Akwai kuma gidan ninki-a-cire-ɗaya, gidan da mijinki ya shiga ba sallama."

"Ai gidan ne ya ci shi."

"Ba gidan ba, agolan gidan. Ninki sha ɗaya ta yi kama da su a fuska, amma cikinta ashirin da uku ce sau tamanin da tara. Wawa ne mijinki?"

Na miƙe tsaye. "Inna, darajar furfura ce ta hana ni. Kada ki sake."

Ta yi dariya har ƙoƙon ya amsa. "To akwai 'yar halak a gidan, babba, wadda ta isa kayan fatauci. Amma ba kyauta ba. Cikin kowane dutse goma, ɗaya nawa."

"Ya yi tsada."

"Cikin ashirin."

"Har yanzu da tsada. Ni da na ƙi ba masu ƙofa rabi, ke zan ba ko rabin ushiri a kan magana ɗaya da ba ta cika cokali ba?"

"To taya."

"Kin ce 'yar gidan ninki-a-cire-ɗaya ce. Wato ko wacce kika faɗa, sai na cire dutse ɗaya na yar. To ba zan yar ba. Naki ne."

Ta ce, "Dutse ɗaya? Kai, Allah ya jiƙan Nomau, ashe da abin da ya zauna ke nan!" Muka kai ruwa rana, ta ga na fara ɗaure wa jimina igiya, sai ta ce, "Na sallama, marowaciya. Ninki goma sha uku. Dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya. Amma abin da kika saya shi kaɗai za ki tafi da shi."

Na ɗauka zafin ciniki ne ya sa ta faɗi haka. Ban tambaya ba.

Shekara goma na yi ina huda ni kaɗai. Na sayar da awakina, idona ya rage gani, kaina ya yi fari. Ban yarda da ƙirgan baki ba. In tuli ya cika, sai in yi wani kusa da shi, kowane dutse da abokinsa, in haɗe su in ɗaura ƙulli a igiya. Da ƙulli ya kai goma sha uku na zaɓi wanda hudarsa ta fi karkacewa na aika wa Inna Cindo. Saura na ɗinke a buhun fata ninki biyu, na aza a kai.

A Ƙofar Biyu na tarar da jama'a sun taru, ashe labari ya riga ni. Wani dogo mai tumbi ya ratso su, sanda a hannu, baki har kunne. Shi ne Kwasau, mai tsaron Ƙofar Ashirin da Uku. Ya taso musamman don ya tarbe ni.

"Maraba da matar mutumina! Iya, kin zo ziyarar hula? Tana nan lafiya, kullum sai na gaishe ta."

Na ce, "A shimfiɗa."

"Sannu a hankali, ai mu ma muna da kara. Baƙuwa irinki ba a barinta ba gyara." Ya buɗe tafin hannunsa. Dutse ne ja, mai farin zobe a ciki. Ya ce, "Ƙara a buhu, kyauta."

Tun da na fara zuwa kasuwa ban taɓa ƙin gyara ba, ni ce ma mai tsayawa a kan mai tumatir sai ya ƙara. Kuma wannan ba kowane dutse ba ne. Na san hudar. Nomau kan ɗan karkata hannu in ya kusa ɓullawa, bakin ramin ya fito da faɗi kaɗan. Ni na goge dutsen nan da hannuna. Hannuna ya tafi da kansa, saura kaɗan in taɓa. Sai na tuna ɗayan da na cire shi yake so ya mayar. Da ya shiga buhu, a nan ƙofar farko za su rabu bibbiyu cif.

Na maƙale hannuna a hammata. Na ce, "Riƙe kayan satarka. Allah ya isa."

Dariyarsa ta ɗan rage.

Masu jerawa ba mutane ba ne, tururuwa ce mai girman ɗan akuya, ba ta kuskure ba ta sata. Wannan kam na yaba musu. Kafin ruwa ya tafasa sun jera bibbiyu, ɗaya ya tsaya shi kaɗai a ƙarshe kamar ni. Na wuce. A Uku saura ɗaya, a Biyar saura ɗaya, a Bakwai saura ɗaya. A Sha Ɗaya saura bakwai. Kowace ƙofa sai na tsaya a kansu har sun mayar da dutse na ƙarshe a buhu, in ɗinke da hannuna. Kwasau yana biye da ni, yana cin gyaɗa yana watso mini ɓawo.

Kwana na goma sha biyu muka iso ƙofarsa. Ban so in ɗaga kai ba, amma na ɗaga. Huluna sun fi ɗari, wasu sun zama tsumma. Ta Nomau tana tsakiya, mai aikin kore, wadda ya saya ranar sunan 'yarmu ta fari. Ƙusa uku suka buga mata.

Kwasau ya nuna gefenta da sanda. "Na bar miki wuri, Iya. Miji da mata ba a raba su."

Tururuwa suka fara. Sahu ɗari, sahu ɗari biyu, aka ƙaro tabarma. Na tsaya a kansu ina ƙirgawa. Sahu ɗari uku da hamsin da shida suka cika. Uku suka rage, suna zaune a bakin tabarma.

Na ce, "Ƙirga su, Kwasau. Ko in ara maka yatsu?"

Ya tofar da gyaɗa. "Tafiya ba ta ƙare ba."

Gaskiya ya faɗa, la'ananne. Ashirin da Tara, Talatin da Ɗaya, Talatin da Bakwai. Ƙofofin suka fara nisa da juna, rana tana dukan ƙashin macijiya yana ƙona ƙafa. Takalmina ya tsinke. Garin da na ƙullo ya koma tafi ɗaya. Wata biyu da kwanaki na iso Ƙofar Tamanin da Tara, ta ashirin da huɗu a jere, wadda take kan wani tudu a bayan macijiyar. Aka jera, sahu casa'in da biyu, saura uku. Na hau tudun don in ga saura nawa.

Jama'a, ƙofofi ne har inda ido ya gaza. Can ƙarshen gani magina ne kamar ƙuda, suna aza sabuwa. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, na ji numfashi. Ashe macijiyar ba matacciya ba ce kamar yadda aka ɗauka, girma take yi, suna bin ta da gini.

Kwasau ya zo ya tsaya kusa da ni. "'Yan gagara ba su da ƙarshe, Iya, ƙofofi ma haka. Tsohuwar tafki ba ta faɗa miki ba? Ko ba ki biya kuɗin wannan ba?" Ya yi ƙasa da murya. "Ba da rabi, ki bar mana kallabi, mu kai ki birni ki sha ruwan sanyi. In ba haka ba, a ƙofa ta ɗari za a tsinci ƙashinki."

Na zagi Inna Cindo, na zagi rowata, na zagi Nomau ma, Allah ya yafe mini. Na sauko na zauna a gaban tabarma, don ba a riga an kwashe ba. Ina kallonta ne kawai saboda ba na son kallon fuskarsa. Sai na ga abin da ban gani ba a sauran ƙofofi. A Ƙofar Biyu jerin siriri ne dogo kamar igiya. Kowace ƙofa yana ƙara faɗi yana rage tsawo. Yau ga shi ya kusa zama daidai kowane gefe, tamanin da tara nan, casa'in da biyu can. Tamanin da tara. Lambar da ta kwana a kunnena shekara goma da ɗoriya.

Na miƙe na buga buhu a ƙasa. "A kira mini alƙali!"

Alƙalin Ƙofofi tsoho ne ƙanƙani, a kan tururuwa aka kawo shi. Ya ce, "Baiwar Allah, me ya faru kike tsaga mana kunne?"

"Allah ya gafarta Malam, dokarku ta ce sai an taka kowace ƙofa, ko ta ce kayan da babu ƙofar da za ta raba su?"

"Na biyun. Amma ta yaya za a sani ba a je ba?"

"A ba ni tsakuwa dubu biyu da arba'in da bakwai, adadin kayan mijina. A jera su yadda aka jera a ƙofar wannan mai tumbin."

Aka jera, ashirin da uku a sahu, sahu tamanin da tara. Na kama kunnen tabarmar na ja ta a hankali har ta juya gefe.

"Yanzu nawa ne a sahu?"

Alƙali ya leƙa. "Tamanin da tara. Sahu ashirin da uku."

"Na taɓa tsakuwa ɗaya?"

"Ba ki taɓa ba."

"To duk kayan da suka rabu, ƙofa biyu ce take kama su, ƙarama da babba, tabarma ɗaya ce aka juya. Ƙaramar kuwa ita ake fara tararwa. Dubi nawa. Yau faɗi ya kusa kamo tsawo. Daga ƙofa ta gaba faɗi zai wuce tsawo. In akwai wata babbar ƙofa a can da za ta raba kayana cif, juya tabarmarta, gajeren gefen ƙaramar ƙofa ce, kuma duk na wuce su da ƙafata."

Kwasau ya yi tsalle. "Surutun kasuwa ne, Allah ya gafarta Malam! Ta je ta gani!"

Alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya sa aka jera nawa casa'in da bakwai a sahu, kamar yadda za a yi a ƙofa ta gaba. Sahu tamanin da huɗu, da ragowa. Ya daɗe yana jan gemu, sannan ya ce, "To da a ce ya cika cif a sahu tamanin da huɗu fa? Ba mu da Ƙofar Tamanin da Huɗu."

"Tamanin da huɗu ba ta rabuwa biyu? Da tun a ƙofar farko kun cinye ni. Malam, ku kuka gina ƙofofin, ni zan koya muku abin da ya sa kuka tsallake wasu?"

Wani cikin masu kallo ya tuntsire da dariya, aka harare shi. Alƙali ya zagaya tabarmar sau uku. Ya tsaya a wannan gefe ya duba, ya koma wancan ya duba. Daga nan ya ce, murya ƙasa-ƙasa kamar ana cire masa haƙori, "Babu ƙofar da za ta raba kayan nan, ko wadda aka gina ko wadda ba a gina ba. Sun wuce. A kawo mata kwalekwale."

Na ce, "Kwalekwale ya jira. Hula."

Baya muka koma, ƙofa goma sha biyar, ni a kan tururuwar alƙali, Kwasau a ƙasa. Da muka isa ya ce a kira mai tsani ya hau. Na ce wanda ya buga shi zai cire. Ya hau, tsani yana kuka da nauyinsa, fatake sun tsaya suna kallo. Ya kama hular zai fizgo.

"Ka yaga ta, in yaga ka! Ƙusa ɗaya-ɗaya."

Ashe rina sun yi gida a ciki. Bai sauko ba sai da fuskarsa ta yi kamar an dafa kabewa. Ya miƙo mini da hannu ɗaya. Ban karɓa ba sai da ya sa biyu.

Koren ya koɗe ya zama fari. Na kai ta hanci, babu ƙanshinsa, sai rana da tsatsa. Na juya wa jama'a baya, don ba zan ba Kwasau hawayena ba ko ɗigo. Na ce da ita a hankali, "Da ka gwada a tsakar gida, Nomau. Yini ɗaya ne fa. Yini ɗaya."

Na je Birnin Zuma na sayar da duwatsuna, kuma ban sallama da arha ba. Da na dawo gida ban shiga ɗaki ba, ranar kasuwa ce. Na wuce rumfar Nomau, wadda wani mai gishiri ya mamaye, na ture buhunansa, na zauna, na aza hular a gwiwata inda kowa zai gani. Mai kokon nan ta zo wucewa, ta tsufa ita ma. Muka haɗa ido. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sannu da hanya, Gwamma."

Tun daga ranar kowace kasuwa ina nan zaune da hular. Tuwo yana ƙonewa a garin nan kamar da, ana sayo makafin jakuna kamar da. Ina sauraro. Shekara shida ke nan ban ji wanda ya ce lissafin Nomau ba.

Nan na sauke kayana, wanda ya ga ƙarya ya zo da tabarmarsa a shimfiɗa. Rumfa ta uku daga bakin rijiya. Ina jira.